Kundin shirin Step 1: me zan karanta, me zan ajiye

7 ga Satumba, 2024

Na yanke shawarar zama jarrabawar USMLE, wadda sai likita ya ci ta kafin a ba shi lasisin aiki a Amurka. Zan riƙa rubuta yadda shirin ke tafiya, musamman batun kayan karatu, domin shi ne ya fi ɗaure wa masu farawa kai. Matakai uku ne: Step 1, Step 2 CK da Step 3. NBME, hukumar jarrabawar likitoci ta Amurka, da FSMB, ƙungiyar hukumomin ba likitoci lasisi ta jihohin ƙasar, su ne suka mallaki jarrabawar. Mu kuwa da muka yi karatun likita a wajen Amurka da Kanada, a tsarin 2024 ta hannun ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, muka yi rajista. Step 1 na sa a gaba.

Yini guda ake yi a cibiyar Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawa ta kwamfuta, awa 8. A tsarin 2024 zango 7 ne, kowanne minti 60, tambayoyin zango ba sa wuce 40, jimillarsu ba ta wuce 280. Ke nan kowace tambaya tana da kamar minti ɗaya da rabi, alhali wasu labarin majinyacin kaɗai ya cika allon kwamfuta. Tun 26 ga Janairu, 2022 aka daina ba da maki a wannan mataki, sai dai a ce an ci ko an faɗi. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin sassauci. Ni ban gan shi haka ba: faɗuwa tana zama a takardar sakamako duk inda aka aika ta, kuma tun Yulin 2021 sau 4 kawai aka yarda mutum ya gwada kowane mataki. Ga shi Step 2 CK, wanda har yanzu ake ba da maki a kansa, bisa wannan tubalin ake gina shi.

Ban sayi komai ba tukuna. Abin da na fara saukewa daga shafin USMLE shi ne jadawalin abubuwan da jarrabawar ta ƙunsa, kyauta ne, kuma mutane da yawa ba sa ko buɗe shi. A ciki an nuna cewa ilimin yadda cuta ke lalata jiki, wato patoloji, ya taɓa kusan rabin tambayoyi, sai fisiyoloji na bi masa. Akwai kuma kaso na musamman da aka ware wa yadda likita ke magana da majinyaci. Da wannan takarda zan auna duk abin da aka tallata mini.

15 ga Satumba, 2024

Duk wanda na tambaya sai ya jero mini sunayen kayan karatu: UWorld, First Aid, Pathoma, Sketchy, Boards and Beyond, AMBOSS, Kaplan, sannan Anki, manhajar bita da katunan tambaya da amsa, da tarin katunanta mai suna AnKing. Kowanne akwai wanda ya rantse da shi ya ci. Ban musa wa kowa ba, amma taura biyu ba ta taunuwa, balle takwas, ga kuma aikin asibiti da ba ya jira.

Sai na koma kan tambayar da ta fi dacewa: wane irin karatu ne ke zama a kai? An daɗe ana binciken wannan. A 2006 masu bincike Roediger da Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka sa su rufe takarda su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu tunowa da ka sun wuce su nesa. A 2013 Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu 10, biyu ne kacal suka samu babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a tsawon lokaci. Ja wa layi alƙalami mai launi da sake karanta shafi suna can ƙasa. Wannan sakamako yana da nauyi a gare mu, domin abin da ya fi daɗin yi bayan doguwar ranar aiki shi ne a kunna bidiyo a zuba masa ido, a tashi ana jin an yi karatu.

Saboda haka na raba aikin gida uku. Ina buƙatar abin da zai koyar da ni abin da ban fahimta ba, da abin da zai tambaye ni, da abin da zai hana ni mantawa. Kowane gida abu ɗaya zan ba shi. Duk wanda zai shigo daga baya sai ya zo da hujja daga tambayoyin da na faɗi.

29 ga Satumba, 2024

Na biya kuɗin UWorld, rumbun tambayoyin atisaye na intanet, na fara. Akwai masu cewa a adana shi sai an gama karatu, kada a ƙona tambayoyi. Wata yayata a aiki da ta riga ni wucewa ta nan ta ce mini: “Ƙanwata, ba za ki taɓa gama karatun ba. Ki fara amsawa, tambayar ce za ta nuna miki inda za ki buɗe.” Na bi maganarta. Rumbun yana da tambayoyi sama da 3,600 na Step 1, kuma darajarsa tana cikin bayanin da ke biye da kowace tambaya, inda ake faɗin dalilin da ya sa amsa ta zama daidai da dalilin da ya sa sauran suka kauce.

Ga misalin salon da ake yi, na ƙirƙira shi da kaina. Saurayi ya sha maganin primaquine, bayan kwana biyu ko uku idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, jininsa ya sauka. Duk wanda ya yi aikin asibiti zai ce ƙarancin G6PD ne, wato sinadarin da ke taimakawa wajen kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ya yi daidai. To amma ba sunan cutar za a tambaya ba. Za a ce wane sinadari ne ya yi ƙaranci a cikin jajayen ƙwayoyin jininsa, amsar kuwa NADPH ce, wadda da ita ake maido da glutathione yanayin da zai kare ƙwayar daga lalacewa. Ko a nuna hoton jini a tambayi dunƙulen Heinz, wato lalataccen haemoglobin da ya dunƙule a cikin ƙwayar, da ƙwayoyin da saifa ya gutsura. Gane cuta matakin farko ne kawai, makin yana hawa na biyu ko na uku. Wannan ya sa littafin da ke jero alamomi da magani kaɗai ba zai wadatar ba, komai kyansa a ɗakin majinyata.

Na buɗe littafin kurakurai. Kowace tambaya da na faɗi ina sa ta a ɗaya daga cikin rukuni uku: ban san abin ba sam, na san shi amma ban fahimci yadda yake aiki ba, ko kuwa na sani na fahimta amma na karanta tambayar a gaggauce. Layi ɗaya nake rubutawa, ba na kwafe bayanin. Rukuni na farko maganinsa katin bita, na biyu maganinsa malami, na uku maganinsa ƙarin atisaye da agogo. A yanzu ina ɗaukar tambayoyi sashe-sashe, zuciya daban, ƙoda daban, ba tare da ƙayyade lokaci ba.

20 ga Oktoba, 2024

First Aid ba littafin koyarwa ba ne, ya kamata a faɗa wa kowa wannan tun ranar farko. Taƙaitawa ce: jadawali, zane, gajerun layuka. Idan ka riga ka fahimci abu, shafi ɗaya zai dawo maka da shi gaba ɗaya. Idan ba ka fahimta ba, za ka haddace kalmomi ka shiga jarrabawa da su, tambaya ta juya kaɗan ka rasa madafa. Na mai da shi taswira. Idan na faɗi tambaya sai in nemo shafin, in ga inda abin ya zauna tsakanin 'yan'uwansa, in ƙara ɗan rubutu a gefe.

Malamin da na zaɓa wa patoloji shi ne Pathoma, na Dakta Husain Sattar na Jami'ar Chicago: ƙaramin littafi da bidiyo na kimanin awa 35. Babi uku na farko, lalacewar ƙwayar halitta, kumburi da warkewa, da asalin ciwon daji, su ne aka fi yabawa, kuma na ga dalili. Da zarar mutum ya gane cewa ƙarancin iskar oksijin yana rage ATP, makamashin ƙwayar halitta, famfon da ke fitar da sodiyam daga ƙwayar ya tsaya, ruwa ya shiga ƙwaya ta kumbura, kuma har nan ana iya dawowa, amma idan fatar ƙwayar ta fashe an wuce gyara, to ya gane abin da ya sa troponin, sinadarin da ke cikin tsokar zuciya, ke bayyana a jini bayan bugun zuciya, da abin da ya sa sinadaran hanta ke hawa a ciwon hanta. Bayani ɗaya ya buɗe babi da yawa. Irin wannan nake nema daga malami.

Fisiyoloji kuwa na ɗauki ƙaramin littafin Linda Costanzo na jerin BRS. Na duba darussan Boards and Beyond na Dakta Jason Ryan, wanda likitan zuciya ne, bayaninsa a fili yake. Sai dai ya ƙunshi dukkan darussan jarrabawar, kuma kallon sa daga farko zuwa ƙarshe zai cinye lokacin tambayoyi. Wanda ya daɗe da barin aji, ko tubalinsa ya yi rauni ta kowane gefe, shi ya fi dacewa da shi. Manyan littattafai irin su Robbins da Guyton suna nan a kan kanta, ina buɗe su idan wani sakin layi ya ƙi shiga, in karanta shafi biyu in rufe.

9 ga Nuwamba, 2024

Anki. Damien Elmes ne ya fitar da manhajar a 2006, kuma tana aiki ne da abin da Ebbinghaus, Bajamushe mai binciken tunani da mantuwa, ya nuna tun 1885: mantuwa tana da sauri a farko, amma kowace bita da aka yi a kan lokaci tana rage saurinta. Manhajar tana dawo maka da kati daf da lokacin da za ka manta shi.

Tarin AnKing ya haura kati dubu 30. An tsara shi ne don ɗalibin da zai bi shi shekara biyu tare da darussan aji. Likita mai 'yan watanni a hannu idan ya buɗe duka, bitar kullum za ta danne komai. Abin da na yi shi ne na dakatar da dukkan katunan, ina buɗe waɗanda suka dace da tambayar da na faɗi kawai. Ƙa'idata: ba na buɗe katin abin da ban fahimta ba, kuma bitar yini ba ta shiga lokacin tambayoyi. Ina yin ta a guntayen lokutan da ke tsakanin ayyuka.

1 ga Disamba, 2024

Littafin kurakurai ya fara magana. Rukunin “ban sani ba sam” ya cika da abubuwa iri ɗaya, wato cututtukan da jarrabawar ke ɗauka kowa ya saba da su saboda a Amurka ake ganin su. Histoplasma, wani fungus mai kama huhu, a kwarin kogunan Ohio da Mississippi, inda kashin tsuntsu da na jemage ke ɗauke da shi. Coccidioides, shi ma fungus ne, a busassun yankunan kudu maso yamma, Arizona da California. Cutar Lyme a arewa maso gabas, wadda kaskar Ixodes ke yaɗa ƙwayar Borrelia burgdorferi. A irin waɗannan tambayoyi sunan jihar da majinyaci ya ziyarta rabin amsa ne. Sai cystic fibrosis, cutar gado mai kaurara majina, da ƙwayar gadon CFTR a kan kromosom na 7, wadda ke fitowa ta fuskar huhu, ta fuskar hanji, ta fuskar haihuwa.

Wannan ne ya ba Sketchy hujjar shigowa. Salonsa shi ne a zana hoto guda mai cike da alamomi, kowace alama tana tsaye a madadin wata siffa ta ƙwayar cuta ko magani. Ga abin da haddace shi kawai ake yi, kamar wace ƙwaya ce ke da kwanso, wace ce ke narkar da wane sukari, yana aiki ƙwarai. Na ɗauki ɓangaren ƙwayoyin cuta da wasu darussan magunguna, na bar sauran. Patoloji fahimta yake so, kuma yana da malaminsa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cin daƙiƙoƙi. Ana ba da sukarin jini da mg/dL, wanda ya saba da mmol/L sai ya raba da 18 kafin adadin ya yi masa ma'ana. Sunayen wasu magunguna ma na Amurka ne: acetaminophen a madadin paracetamol, albuterol a madadin salbutamol. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a yi shirin USMLE da kayan da aka tsara wa PLAB, jarrabawar da likitocin waje ke yi don aiki a Birtaniya, duk da cewa jikin ɗan Adam ɗaya ne.

Babban abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayoyin magana da majinyaci. Ana ba da labari, a ce wace jimla ce ta fi dacewa likita ya furta. Amsar da ake so kusan kullum ita ce wadda ta fara jin abin da ke zuciyar majinyaci kafin ba da shawara. Baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da likita na ganin zai cutu. Ba a ɓoye masa sakamakon gwajinsa don iyali sun roƙa, sai dai a fara tambayarsa nawa yake son ya sani. Idan ba ya jin Turanci, ƙwararren tafinta ake kira, ba ɗansa ko matarsa ba. Babu wani littafi da na ga ya koyar da wannan kamar yawan amsa tambayoyin da karanta bayaninsu a natse, kuma ina ganin amfaninsa a yadda nake zama da majinyatana tun yanzu.

28 ga Disamba, 2024

An turo mini wani fayil, aka ce tambayoyi ne da waɗanda suka zauna jarrabawar kwanan nan suka tuno suka tara. Na goge shi, kuma ina so in rubuta dalili a sarari domin na san ana yaɗa irinsa da sunan taimako.

Duk mai zama USMLE yana amincewa da sharaɗin cewa ba zai fitar da abin da ya gani ba, kuma nema ko amfani da irin wannan kaya laifi ne da ake rubuta wa mutum a takardar sakamakonsa. A ƙarshen Janairun 2024 hukumar ta sanar da soke sakamakon wasu masu jarrabawa da ke da alaƙa da Nepal, bayan bincike ya nuna salon amsoshinsu ya yi kama da na waɗanda suka riga suka ga tambayoyin. Shekarun wahala suka tafi. Ko da ba a kama kowa ba, amsoshin da ke cikin irin waɗannan fayiloli zato ne na mutumin da bai ga amsar gaskiya ba. Sama da duka, lasisin nan alkawari ne ga majinyacin da zai kwanta a gabanka yana ɗauka ka san aikinka. Ina roƙon 'yan'uwa masu shiri su nisanci wannan hanya.

25 ga Janairu, 2025

Na yi gwajin kai na NBME. Tambayoyi 200 ne a kashi 4, hamsin-hamsin, kuma waɗanda ke rubuta ainihin jarrabawar ne suka rubuta su. Sakamakon yana zuwa da kaso cikin ɗari da kuma ƙiyasin yiwuwar cin jarrabawar idan aka zauna cikin mako guda. Layin wucewa yana wajen 62. Na haura shi, amma tazarar ba ta kai yadda zan kwanta da ita ba.

Salon ya bambanta da na UWorld. Tambayoyin NBME sun fi gajarta, kuma ba sa cika ba da dukkan alamomin da aka saba gani a littafi, sai a bar ka ka yanke hukunci da abin da ke akwai. Kason da mutum ke samu a rumbun tambayoyi ma'aunin koyo ne, domin ya haɗa da makonnin da bai san komai ba. Wanda zai faɗa maka ko ka shirya shi ne gwajin NBME.

Wurare biyu ne suka fito da rauni. Na farko lissafin bincike: bambancin ƙarfin gwaji wajen gano mai cuta da ƙarfinsa wajen wanke marar cuta, da yadda amincin sakamako mai nuna cuta ke hawa ko sauka gwargwadon yawan cutar a cikin al'umma, alhali waɗancan biyun ba sa motsi. Maganin wannan shi ne zana akwati mai gida huɗu, wanda ke gwama sakamakon gwaji da ainihin akwai cuta ko babu, da hannu har ya zama jiki. Na biyu daidaiton asid a jini. Ina rubuta lissafin Winter a kowace tambayar da asid ya yi yawa a jini saboda saukar bikabonet, wato a ninka bikabonet da 1.5 a ƙara 8, da sassaucin 2 sama ko ƙasa, a samu adadin iskar carbon dioxide da ya kamata a gani a jinin, in ga ko huhu ya rama yadda ya kamata ko akwai matsala ta biyu a ɓoye.

Na yi tunanin ƙara AMBOSS, wanda likitoci suka kafa a Jamus, kuma ɗakin karatunsa da ke haɗe da tambayoyi abin yabo ne. Na auna: raunina a wurare biyu yake, kuma duka biyun akwai su a kayan da ke hannuna. Bai shigo ba. Da na gama UWorld da sauran watanni a gaba, da shi ne zai zama rumbu na biyu.

22 ga Fabrairu, 2025

Wani ƙanena a aiki ya tambaye ni ko dole ne ya sayi First Aid na bana, tunda kowace shekara ake fitar da sabon bugu. Na ce masa bugun shekara ɗaya ko biyu baya zai yi masa aiki, bayokemistiri ba ya canzawa a wata goma sha biyu, sai dai ya duba jerin gyare-gyaren da masu littafin ke wallafawa a intanet. Kuɗin ya fi amfani a rumbun tambayoyi da gwaje-gwajen NBME.

Na koma tambayoyi gauraye, 40 a minti 60, zango biyu a jere. Rukunin “na karanta a gaggauce” ne ya fi girma yanzu, don haka na fara duba layin ƙarshe na tambaya kafin in karanta labarin.

15 ga Maris, 2025

Gwaje-gwajen NBME na baya-bayan nan sun tsaya sama da layi da tazarar da ta kwantar mini da hankali, kuma ba sa hawa da sauka. Na tsayar da rana a cikin wa'adin wata 3 da aka ba ni.

Daga yau an rufe ƙofa, babu sabon littafi, babu sabon bidiyo. Abin da ya rage a kan tebur: tambayoyin UWorld da na faɗi, littafin kurakurai, babi uku na farko na Pathoma, da bitar Anki ba tare da buɗe sabon kati ba. Na ajiye tambayoyin gwaji kusan 120 da USMLE ke bayarwa kyauta sai makon ƙarshe, domin suna zuwa a manhaja irin ta ranar jarrabawa, da shafin ma'aunan gwajin jini da za a buɗe a gefe, kuma ina so hannuna ya san inda kowane maɓalli yake.

A tsarin 2025 hutun ranar jarrabawa minti 45 ne, ana ƙara masa minti 15 na bayanin farko idan mutum ya riga ya kalle shi a gida ya tsallake, da duk abin da ya rage daga zangon da aka gama da wuri. Na tsara zango biyu a jere, ɗan hutu, wasu biyu, hutu mai tsawo na abinci da salla, sannan ukun ƙarshe da gajeren hutu a tsakanin kowanne. Ranar Asabar mai zuwa zan gwada wannan tsari cikakke, zango 7 daga safe, in ga a wane zango ne hankalina ke fara sauka.